Takardar Kan Hamsatou

Djougou, 14 ga Maris, 1988

Zuwa ga Sanoussi ɗan Habsa, a Albarika, Parakou.

Shekara biyu ke nan da wata ɗaya ina jiran takarda guda daga hannunka. Malam Audi, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, ya ɗaga alƙalami ya ce ba a fara wasiƙa haka. To ga gaisuwar. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Ni Moumouni ne, dillalin shanun Pélébina, wanda uwarka Habsa take 'yar ƙanen ubansa, in ka manta. Gwiwata ta dama ta ƙi, idona na hagu ya fara hazo, amma kaina garas yake, ban manta komai ba.

Ka tuna ka zo gidana cikin motar likitocin ƙetaren nan da kake wa aiki. Ka ci tuwo, ka sha fura. Don kai ɗa ne, wanda ya yi shekara huɗu yana kwana a zaurena lokacin da yake makaranta, na faɗa maka abin da ban faɗa wa liman ba: 'yata Hamsatou tana farfaɗiya tun haihuwarta ta biyu. Daga ni sai mijinta Yaou sai marigayiya uwarta muka sani. Kuma a lokacin ta kusa shekara biyu ba ta faɗi ba. Ka ce, "Kawu, ka kawo ta. Muna da na'urar da take rubuta abin da ke cikin kan mutum a takarda." Ni ban roƙe ka ba. Kai ka ce.

Muka shiga babbar motar da delege, wakilin gwamnati na unguwa, ya cika da mutanen Djougou, aka sauke mu a gidan nan da likitocinku suka kama a Albarika. Wata mai goro ta nemi ta riga mu shiga, na tare ƙofa da sandata na ce ni ne kawun mai na'urar, 'yata ce za ta fara. Har delege ya ce, "Kamarad, a bi layi," yadda 'yan gwamnati suke kiran kowa. Na ce masa kamarad ɗinsa yana gida. Hamsatou ce ta fara shiga, ni ina bayanta.

Abin da na gani ba wanda zai ce mini ban gani ba. Kuka tsefe mata kitson da aka yi mata jiya-jiya. Kuka manna mata wayoyi a kai da wani abu kamar ƙullu. Kuka rufe taga. Kai ka zauna bayan akwatin nan mai gilashi, ka danna da yatsa ɗaya, sai fitila ta fara ƙyafta mata ido, a hankali, sannan da sauri, sannan kamar walƙiyar farkon damina. Ta ce, "Baba." Shi ke nan ta tafi ƙasa. Kukan da ta yi har baranda aka ji, wani ya turo ƙofa, mutanen Djougou duka suka leƙo suka ga 'yata tana kumfa. Kai kuwa idonka yana kan gilashi, ka ce, "Madalla, Kawu, mun kama shi, yana cikin faifai."

Madalla. Wannan kalmar nake tauna shekara biyu.

Kafin mu sauka daga mota labari ya riga mu. Uwar Yaou ta ware mata kwano da moɗa, wai a yawu ake ɗauka. Bayan mako uku aka maido mini da ita da ƙullin kayanta, aka riƙe 'ya'yanta Fati da Memuna. Yaou ba mugu ba ne, rago ne. Ya ce, "Baba, ka kawo takardar likita in nuna wa tsohuwa, gobe ta dawo ɗakinta." Na aiko maka da saƙon baki ta direbobi sau biyar. Ɗaya ya ce kana aiki, ɗaya ya ce ka ce to.

Abin da kuka kama a cikin faifai nata ne. Ka aiko mini da shi.

Kawunka, Moumouni

Parakou, 9 ga Mayu, 1988

Kawu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Na ji batun gwiwa da ido, Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai dai mai ɗakina ta yi zazzaɓi, ta samu sauƙi. Ina gaishe da Yaya Hamsatou. Ban manta abincin da na ci a hannunta ba.

Kawu, ina so ka gane matsayina. Ni ba likita ba ne. Aikina shi ne rubuta umarnin da kwamfuta take bi, layi bayan layi. Ni na rubuta mata yaushe za ta kunna fitila, sau nawa za ta ƙyafta cikin sakan ɗaya, yaushe za ta ƙara sauri, yaushe za ta tsaya. Ni na rubuta mata ta riƙa sa alama duk lokacin da fitila ta haska, don likita ya ga yadda ƙwaƙwalwa take amsawa, sannan ta ajiye komai cikin faifai. Ana yin hasken ne da niyyar a ga ciwon yana tashi. Ya kamata a ce an yi muku bayanin wannan sosai tun kafin ku shiga, kuma a kulle ƙofa.

Ba ma ajiye suna. Lamba muke ajiyewa. Na kira lamba ɗaya ta wannan rana, ga abin da na'ura ta fitar, na sa cikin ambulan ɗin nan.

Abu ɗaya zan faɗa maka da babbar murya: ba a ɗaukar farfaɗiya, ba a yawu, ba a kwano, ba a numfashi. Duk likitan da ke nan zai ce maka haka.

Prêt pour la révolution.

Ɗanka, Sanoussi

Djougou, 20 ga Yuni, 1988

Sanoussi,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa mai ɗakinka lafiya. Gwiwa tana nan yadda take.

Takarda ta iso. Ashe doguwa ce haka, na warware ta a tsakar gida ta kai tsawon rawani biyu. Na zauna ina kallonta har la'asar. Ni da ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, wannan na karanta ta. Ga layuka suna tafe a natse kamar shanu sun kama hanyar rafi, sannan ga inda suka firgita suka hau juna. Na kira Hamsatou na ce, "Zo ki ga inda kika faɗi." Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ranar ta ci abinci har ta ƙara.

Na kai wa baduku ya ɗinka mata kube na fata. Ba wanda ya taɓa ta sai ni. Audi ya ce in ba shi ya duba, na ce hannunsa tawada ne.

Na je wurin Yaou. An sa rana, kwana uku bayan Layya, a gidansu, gaban uwarsa da ƙannensa.

Ba zan ce na yafe shekara biyun nan ba, amma na sauke rabi. Abin da ka rubuta a ƙarshen wasiƙarka da Faransanci, Audi ya fassara mini, wai a shirye kake don juyin juya hali. Ka bar wa ofis wannan. Ni kawunka ne, ba kwamiti ba.

Moumouni

Djougou, 1 ga Agusta, 1988

Sanoussi,

Audi ya ce in yi gaisuwa. Na ce ya rubuta cewa ya ce in yi, ban yi ba. Lafiya kuwa, ina da rai.

Mun je. Na sa babbar rigata ta shuni. Hamsatou ta ɗaure kayanta tun asuba, ta soya wa yara ƙuli-ƙuli, ta ce za ta jira a ƙofar gida gindin mangwaro har a kira ta. Na shiga. An shimfiɗa tabarma, ga Yaou, ga uwarsa, ga ƙannensa biyu, ga maƙwabta da ba a gayyata ba. Na zare takarda daga kube na shimfiɗa, na sa duwatsu a gefe don iska. Na yi musu bayani yadda ka yi mini. Na ce, "Wannan kan 'yata ne, na'ura ta rubuta shi, ba aljani ba ne, ba abin ɗauka ba ne. Ɗana ne ya yi aikin da hannunsa." Na rantse da kabarin matata.

Uwar Yaou ta ce, "Mu dai zane muke gani kamar kaza ta taka toka. A kira Maimouna."

Maimouna matar ƙanen Yaou ce, ungozoma ce ta asibiti, ta yi boko. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Ba ta ma dubi layukan ba, can sama ta duba, inda ƙananan baƙaƙe suke. Ta karanta a zuci, ta sake karantawa. Tsohuwa ta ce, "Ke, karanta mana, ko an ɗinke miki baki?" Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Nan an rubuta namiji. Shekara sittin da ɗaya. An ɗauka ƙarfe biyar na yamma."

Mu da hantsi muka shiga, Sanoussi.

Tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Ashe surukata gemu gare ta ba mu sani ba! Malam Moumouni, ko naka kan ne ka kawo mana?" Aka yi dariya har masu leƙe ta katanga. Maimouna ta ɗaga murya ta ce ita ma ta sani ba a ɗaukar wannan ciwo, an koya musu. Tsohuwa ta ce, "An kawo mana ƙarya ɗaya a kube, ta biyun ce za mu karɓa a baki?" Yaou bai ɗaga kai ba. Yana ta tsinkar zaren tabarma.

Na naɗe takarda ni kaɗai, da wannan gwiwar, ba wanda ya kama mini. Da na fito, Hamsatou ta miƙe ta ɗauki ƙullinta tana gyara mayafi. Ta dubi fuskata, ta ajiye. Ƙuli-ƙulin ta bar shi a gindin mangwaro. Ban san ko yaran ne suka ci ko awaki ba.

Shekara arba'in ina tsakanin Fulani da mahauta, ban taɓa nuna wa mutum saniya in ce wata ce ba. Yau a kasuwar Pélébina in na ce bijimi ne sai wani ya ce a kira Maimouna ta duba.

Kan wane ne ka aiko mini? Ina na 'yata?

Moumouni

Parakou, 19 ga Fabrairu, 1989

Kawu,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka da sauƙin jiki. Ni lafiyata ƙalau, ba ni da uzurin ciwo. Wasiƙarka ta Agusta tana aljihuna wata shida. Na fara amsa sau da yawa ina yagewa.

Ga gaskiya. Na rubuta wa kwamfuta cewa ta ba mutum na farko lamba ɗaya, na biyu lamba biyu, haka har a tashi. Amma lissafin a ka take riƙe shi, ba ta rubuta shi a ko'ina. In wuta ta ɗauke sai ta manta inda ta tsaya, ta koma ɗaya. Kuma ban rubuta mata cewa ta duba ko akwai wani abu a wurin kafin ta ajiye sabo ba. Kamar allo ne, Kawu: in aka ba ta allon da ke da rubutu, wankewa take yi ta rubuta na wani a kai, ba ta tambaya.

A ranar mun yi mutum uku da safe. Wuta ta ɗauke kafin azahar, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Kun riga kun fita neman abinci da wurin da Yaya za ta kwanta. Muka ƙara mutum ɗaya kafin a rufe, wani dattijo. Na'ura ta ba shi lamba ɗaya.

Na gane kuskuren cikin makon nan. Layi biyu kawai na ƙara, ya gyaru, bai sake faruwa ga kowa ba. Na gaya wa babban likita an rasa ɗaya, ya ce ba komai, muna da ɗari da wani abu. Ban gaya masa wace ce ba.

Da na buga maka takardar bara, na ga abin da ke rubuce a samanta. Ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina wa zai karanta wannan a Pélébina, in dai ta koma ɗakinta ai buƙata ta biya. Shi ya sa na rubuta maka "lamba ɗaya", ban rubuta sunanta ba, don in ce wa kaina ban yi ƙarya ba. Na yi.

Ba za a iya sake gwajin ba. Likitocin sun tafi tun Nuwamba. Na'urar da fitilar da faya-fayan duka ni na sa su cikin akwatin katako na raka su tasha, jirgin ƙasa ya tafi da su Cotonou. Nan gari duk yajin aiki ake yi, ofisoshi a rufe, ba wanda zan kai wa takarda ya sa hannu. Ko da na'urar tana nan, ba zan sake zaunar da Yaya gaban wannan fitila ba.

Abin da ya rage mini shi ne jikina. Zan zo kafin ruwa ya sauka. Zan zauna gaban uwar Yaou in faɗi laifina da bakina, in ci tuwo kwano ɗaya da Yaya Hamsatou, in sha ruwa a moɗarta, kowa yana gani.

Ka yafe mini in za ka iya.

Ɗanka, Sanoussi

Djougou, 26 ga Yuni, 1989

Sanoussi ɗan Habsa,

Ina gaisuwa, tunda uwarka ta cancanci a gaishe da ɗanta. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Jakin maƙwabci ne ya kai ni bakin titi yau.

Ruwa ya sauka. Doya ta kama sanda, masara ta kai ƙugu. Ba ka zo ba. Hamsatou ta wanke kwano guda ta kife shi a kan rumfa tun ranar da Audi ya karanta mana wasiƙarka, ta hana kowa taɓawa, wai na baƙo ne. Duk motar da ta rage gudu a titin Pélébina sai ta fito ƙofa. Yanzu ta daina fitowa. Kwanon dai yana nan.

Ka ce za ka ci kwano ɗaya da ita. Ni shekara uku ke nan ina ci da ita, safe da yamma, ban faɗi ba ko sau ɗaya. Amma cin nawa ba shaida ba ne, don ban yi boko ba, kuma ni ne tsohon da ya kawo kan namiji a kube. Kai da ka iya magana da akwati, loma ɗaya taka ta fi shekara ukuna. Ita ce ka hana mu.

Yaou ya sami aikin lodi a Malanville. Bayan Layya zai kwashe gidan duka, da uwarsa, da Fati, da Memuna. Kwana goma sha takwas ya rage, na ƙirga. Fati ta fara kitso da kanta. Memuna ta ga uwarta a kasuwa ran Juma'ar da ta wuce, ta ɓoye hannu a baya, haka aka koya mata. Hamsatou ba ta yi kuka ba. Da muka koma gida ta ce, "Baba, faɗuwar nan da na yi a gabansu, ina ta tafi? Tunda ba ta cikin faifai, wa ta amfana?" Ƙwayoyin maganin da kuka ba ta a Parakou sun ƙare tun bara, ta faɗi sau huɗu daga azumi zuwa yau, sau ɗaya kusa da murhu.

Yanzu ka saurara. Audi, rubuta wannan yadda na faɗa, kada ka gyara.

Na sa an karanta mini wasiƙarka sau bakwai, har Audi ya ce takarda za ta huje. Ni ban san allonka ba, amma na san ƙirga. Ka ce mutum uku da safe. Ka ce mutum ɗaya da yamma. Ka ce an rasa ɗaya. To na biyu da na uku suna nan ke nan? Mai goron nan da na tare da sandata, wadda ta so ta riga mu, ita ce ta shiga ta biyu. Nata kan yana cikin akwatin katako, lafiya lau, yana Cotonou ko ya haye teku. Da na bar ta ta wuce, da na bi layi yadda delege ya ce, da nata aka wanke, na 'yata ya tsira. Haka ne ko ba haka ba ne?

Ba ka rubuta wannan ba. Ka zagaye shi kamar yadda ka zagaye sunanta a waccan wasiƙar. Na tambayi Audi, ya ce shi ba ya gane aikin na'ura. Na tambayi Maimouna a ƙofar asibiti, ta ce, "Baba, ka bar wannan tunanin." Na tambayi liman, ya ce ƙaddara. Kowa yana lallashina kamar saniyar da za a kayar. Ba lallashi nake nema ba.

Shekara uku ina ɗauke da kai a wuyana, ina cewa Sanoussi ne. In akwai rabona a ciki, a ba ni rabona in ɗauka, ni ba yaro ba ne. Amma ba zan je gaban 'yata in ce mata sandata ce ta raba ta da 'ya'yanta ba sai wanda ya rubuta wa akwatin nan umarni ya ce mini haka ne da bakinsa.

Takardar dattijon nan tana wurina har yanzu. Na kasa ƙona ta, kan ɗan wani ne. In ka san shi ka faɗa mini in mayar masa da kayansa.

Motar Parakou tana wucewa kullum. In ba za ka hau ba, gidan waya a buɗe yake ko rabin yini ne, zan zauna a bakin teburin Audi duk ranar kasuwa har a yi Layya. Kada ka aiko mini da gaisuwa. Kada ka aiko mini da neman gafara, ina da ɗaya ban san inda zan sa ta ba. Da ta shiga ta biyu, da tana ɗakinta yau?

Ka amsa mini, Sanoussi. Wani ya amsa mini.

Moumouni